Ɗigo Uku a Cikin Marfin Libarba

São Leopoldo, Brazil, 9 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Lauri,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Anti Ivone da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a Lisbon, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya matsa mana. Inna tana fama da gwiwa, amma bakinta garau yake. Baba kuma yana cin abinci sosai, kullum ƙwaryar shayin mate na hannunsa.

Ka rubuto cewa in ƙwace magagaran Baba tunda idonsa ya yi rauni, kada wata rana aikinsa ya ji wa wani ciwo. Daga nesa faɗa ba wuya, Yaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'anta yana haɗa libarba da hannu, ni zan ce masa ya tashi daga kujerarsa? Ka tuna yadda yake kunna kyandir ya shafa wa ƙaramin ƙarfe baƙin hayaƙi, ya mayar da shi cikin bindigar, ya ciro ya duba inda baƙin ya goge, sannan ya ja magagari sau ɗaya tak. Har gobe yana cewa injin zamani yana yanka ƙarfe tsaf kamar cuku, amma bai san ya sa ƙarfe biyu su saba da juna ba. Ina kewar ƙamshin man bindiga da kyandir na lokacin da muke ƙanana, kodayake kullum ina cikinsa.

Ranar Talata Seu Adão, mai shanun nan na hanyar dutse, ya shigo shagon Baba da filasta a kunci. Libarbarsa ce take feso ɓarɓashin dalma ta gefe, don gidan harsashin ba ya tsayawa daidai da bakin bututu. Bindiga ce ta gaske, tsohon aiki, baƙinta ya koɗe a gefen da kube ke goga, amma ko'ina a matse. Baba ya kara ta a kunne, ya ja gudumar bindigar a hankali har zagaye shida, sai ya ɓata rai. Wai wane mahauci ne ya taɓa wannan, wai wanda ya ci ƙarfen nan haka ko ƙofar kejin kaji bai kamata a ba shi ba. Seu Adão ya buɗe baki zai faɗi wanda ya gyara ta, na harare shi don na fara zargin ko wane ne, ya gyara hularsa ya fasa.

Ka san al'adar masu sana'ar Baba, duk wanda ya gyara bindiga yakan bar alamarsa a cikin marfin gefe, inda mai ita ba ya gani. Da na kwance kusoshin na ɗaga marfin, sai ga ɗigo uku a jere, sababbi fes, da shekarar bara a ƙarƙashinsu. Alamar Baba ce. Na ce wa Baba babu alama, wani ɗan koyo ne a gari. Ya miƙo hannu kawai. Idon bai gani ba, amma ya bi wurin da farce, ya tsaya, ya sake bi. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa Seu Adão ya yi haƙuri, kuncin nan shi ya yanka shi, kuma ni ce zan gyara. Daga nan ya tashi daga kujerar bakin taga, inda haske ya fi, ya koma benci.

Na yi gyaran, shi kuwa yana sauraren kowane zagaye, yana ce mini a ƙara kaɗan, ke dai gaggawa kamar uwarki. Da muka gama ya ce in ɗauko biro. Ya lissafo mini duk wanda ya yi wa aiki cikin shekara biyun nan, mutum goma sha bakwai, bai manta ko ɗaya ba, ya ce a kira su su dawo da bindigoginsu kafin kowa ya harba. Na ƙarshe da ya faɗa kuwa, sunanka ne. Ashe bara ya ɓoye mana ya gyara libarbar Kaka da ke kabad, yana jira ka zo Kirsimeti ya damƙa maka a matsayin aikinsa na ƙarshe. Ya ce in gaya maka kada ka taɓa ta sai na buɗe ta. Na fita bayan shago na yi kuka.

Inna tana gaishe ku, haka Kawu Edgar da Gwaggo Ilse. Ka gaishe mini da Anti Ivone, da Tiago, da ƙaramar Bruna. In ka bugo waya ran Lahadi, don Allah kada ka ce wa Baba dama ka faɗa.

Ƙanwarka,
Nelci