Rigar da Sambo Ya Dawo da Ita Daga Gwandu

Malam Mai Shawara,

Don Allah ka agaza mini da shawara tun ban yi abin da zan zo ina da-na-sani ba. Ni tela ne, mutumin Diggi, amma a Kalgo nake ɗinki. Ina zaune da tsohuwata a wani babban gidan haya kusa da inda motoci ke tsayawa. Mai gidan wani Alhaji ne, attajirin shanu, mazaunin Gwandu. Tun da na shiga gidan ban taɓa sa shi a ido ba. Wakilinsa Haliru muke gani, shi ma sai ƙarshen wata.

Malam, gidan nan ya lalace. Bakin rijiya ya zube, masai ya cika, indararo duk sun karye, yaɓe kuwa mun manta rabon da a yi shi. Abin da ya hana ni sakat shi ne ɗakin tsohuwata. Gara ta cinye azara, rufin ya lotsa, bara da kwanoni muka yi ta tarar ruwa har kaka. Ga shi bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas. In ba a sake azarar nan ba, wallahi a kanta rufin zai sauko.

Da can kowa ta kansa yake yi a gidan. Laraba mai tuwo ce ta fara tara mu, bayan katanga ta faɗi ta danne mata akuya. Muka zauna a zaure, da 'yan dako, da leburorin hanya, da ni, muka shafa Fatiha a kan bakinmu ɗaya ne, ba mai zagayawa wurin Haliru shi kaɗai. Har gayya muka yi muka yashe kwata. Haliru na jin labari sai ya shiga yaɗawa a kasuwa wai mu 'yan siyasa ne. Da muka ga ta hannunsa ba abin da zai fito, sai muka yanke a tura mutum Gwandu ya kai kukanmu gaban Alhaji.

Muka zaɓi Sambo baduku, don a gidan su Alhaji ubansa ya yi barantaka, shi ma can ya tashi, ba mai hana shi shiga. Muka ce ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, muka haɗa masa zabi da goro ya kai.

Sai ga Sambo ya dawo da sabuwar riga mai aiki a wuya, har da hula. Ni dai tela ne, kallo ɗaya na yi mata na san ba ta yara ba ce. Ya ce Alhaji yana gaishe mu, ya sa mana albarka, ya ce mu mutanen kirki ne. Da na tambaye shi maganar azara, sai ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda. Daga baya direban motar da ta kai shi ya tsegunta mini cewa mota ɗaya suka shiga da Haliru, tafiya da dawowa. Sambo bai taɓa faɗa mana haka ba. Tun daga nan ya daina zama zaure, in ya hango ni sai ya sake hanya.

Yanzu gidan kowa na zargin kowa. Mutum biyu na hira, na uku ya iso, sai a yi tsit. Ni kaina har Laraba na fara yi wa kallon gefen ido. Wasu sun ce mu daina biyan haya. Ni kuma zuciyata na ce mini in tsayar da Sambo ran Juma'a a gaban jama'a in ce ya sayar da mu a kan riga. Amma Malam, mutumin nan shi ya yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kuma Inna yake ce wa tsohuwata. Raina a ɓace yake ƙwarai. Yaya zan yi?

Naka,
Tela Mai Ɗaki Mai Yoyo, Kalgo

Amsa

Malam Tela,

Zarginka ba a banza ya taso ba. Riga, da tafiya tare da wakili, da ɓoye maganar, ko ni ne sai na yi tsaki. Amma ka tsaya mu duba abin da ku kanku kuka yi.

Kun tashi kai kuka, sai kuka ɗora wa ɗan aike zabi da goro. Kai da ka tashi a ƙasar Gwandu ka sani sarai, wanda ya kai wa babban mutum kyauta tukwici ake ba shi. Alhaji ya ga zabi, ya ga goro, ya ga yaron gidansu durƙushe a gabansa. Me zai ɗauka in ba cewa 'yan hayarsa suna cikin jin daɗi har sun aiko da godiya ba? Sa'an nan duk gidanku kuka rasa wanda za ku tura sai mutumin da ya girma da tuwon gidan Alhaji, wanda ko ido ba ya iya haɗawa da shi, ƙila ma ga Haliru zaune a gefe yana sauraro. Ba zan rantse a kan Sambo ba, don ban san shi ba. Amma na fi kyautata zaton ko baki bai buɗe ba, kuma kunyarku ce ta kore shi daga zaure.

In akwai wanda zan sa wa ido, Haliru ne. Me ya sa ya yi wuf ya bi motar? Ban ce ya yi wani abu ba, amma wanda ba ya son mai gida ya ji halin gidansa yana da abin da yake rufewa.

Kada ka tozarta Sambo a gaban jama'a. Ranar da ka yi haka ƙungiyarku ta watse, kuma abin da Haliru ke jira ke nan. Ka same shi ku biyu, cikin lalama, ka tambaye shi ko ya ambaci azara a gaban Alhaji. In ya ce ya kasa, ka yafe masa, don ku kuka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Sa'an nan ku koma Gwandu ku da yawa, da Laraba a cikinku, ba zabi ba goro. Ku gaisa da ladabi, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi Alhaji ya zo ya gani da idonsa ko ya turo magini. Kada ku riƙe haya, don hujja za ku ba wakili ya kai ku gaban alƙali. In Gwandu ba ta yi amfani ba, maganar masai da rijiya ta duba-gari ce.

Amma kafin duk wannan, yau ɗin nan da kake karanta amsata, ka kwashe kayan tsohuwarka ka mayar da ita ɗakinka, kai ka shimfiɗa tabarma a zaure. Ka ɓata makonni kana kallon wuyan rigar Sambo, ita kuwa tana kwana ƙarƙashin azarar da ka san ta ruɓe. Ruwan farko ba zai jira ku dawo daga Gwandu ba.

Allah ya haɗa kanku, ya sa ku ga damina lafiya. Ka gaishe mini da Inna.