Ɗakin Lakar Hajjo

Ɗana Umaru, ina gaishe ka. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Tsamaye lahiya, sai hwari.

Ka tuna maƙwabciyata Hajjo, da munka yi wa dariya don jikanta ya gina mata ɗakin laka mai kaurin bango? To, ɗakin ga sanyi kamar randa. Ruwa guda anka yi bana, indararonta ya cika tanki. Ni ko, kwanon da ka rufa wa ɗakina shina gasa ni. Matan da ke hira wurina duk sun koma can. Jiya ni ma na tai, wai aron ludayi, ban hito ba sai la'asar.

Ka zo ka cire kwanon ga. A yi muna roƙon ruwa. Gai da matarka Rabi.

Innarka