Ƙofar Ɗakin Muhajir Tana Ƙyaftawa

Anti Fatna, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan bai yi mini dariya ba.

Aikina zanen gine-gine a kwamfuta, a wani ofis a Khartum. Bara ambaliyar Nilu ta cinye gidanmu na unguwar Aljirif, muka koma unguwar Alsawra a Omdurman wurin yayata Sauda. Tun lokacin Inna ta kwanta, ɓarin jikinta ya shanye. Kullum kukan gida take, sai na gina mata shi cikin kwamfuta, irin wanda ake shiga a zagaya: rumfar tsakar gida, randunan ruwa, har bishiyar lemun tsami.

Wuri ɗaya ya ƙi. In na juya hoton, ƙofar ɗakin yayanmu Muhajir sai ta riƙa ƙyaftawa, shuɗin fenti da jan bulo suna musayar wuri. Muhajir kuwa shekara goma sha biyu ke nan da masu kaki suka kwashe shi a tashar mota suka tura shi yaƙin kudu. Ba gawa, ba takarda. Da Inna ta ga ƙyaftawar sai ta ce shi ne yake taɓa ƙofar daga ciki, yana raye.

Yanzu ba ta cin abinci sai an kunna mata gidan a kwamfuta. In an ɗauke wuta ta yi ta ihu wai mun kulle shi. Sauda ta ce kada in taɓa komai, rabon Inna da murmushi tun Aljirif. Ni kuwa duk juyawar da na yi ji nake ina yi wa uwata ƙarya da hannuna. Na gwada gyarawa a ɓoye abin ya ƙaru, shafukan intanet da ake tambaya kuma a rufe suke mana saboda takunkumin da aka sa wa ƙasarmu. Yaya ake gyara shi? Kuma in gyara, ko in bari?

Ƙanwar Muhajir, Omdurman

'Yata, Allah Ya ba Inna sauƙi.

Na tambayi Injiniya Karima, masaniyar wannan aiki. Ta ce fuskar ƙofar da ta bango ne suka hau wuri ɗaya daidai, kwamfuta ta rasa wacce za ta nuna a gaba. Ki goge bangon da ke bayan ƙofar, ko ki matso da ƙofar santimita ɗaya. In ya ci gaba, ki ƙara tazarar da kyamarar cikin manhajar zanen take fara gani daga kusa.

Sauda tana da gaskiya: mara lafiya ba a fizge masa abin da ya riƙe. Ke ma kina da gaskiya, domin abin da ke hana cin abinci ya daina zama lallashi.

Ki gyara a kwafi na daban, ki ajiye na farkon. Kada ki sauya mata a ɓoye. In ta ga ƙofar ta tsaya cak, za ta ɗauka ya mutu ranar. Ku zauna ke da Sauda bayan ta ci abinci, ki ce mata kuskurenki ne, ki gyara tana kallo. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ke kwana da kwanaki. Ki jure. Kada ku ce ya rasu, kada ku ce yana raye, tunda ba ku sani ba. Ku riƙa ambaton sunansa a gabanta, ku yi masa addu'a tare, ku kuma gaya wa likitanta batun abincin.

Allah Ya bayyana muku labarinsa, Ya ba ki ladan wannan ɗawainiya.

Anti Fatna