Gafakar da Inna Ta Hana a Buɗe

Zuwa ga Babana, Alhaji Namata direba,

Gaisuwa da ladabi irin na ɗiya. Na san wagga takarda ba ta isa hannunka, don babu motar da ke lodi zuwa inda kake. Amma labari ya cika min ciki, in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Gida lahiya. Inna na nan da ciwon gwiwarta da faɗanta. Ni ma ina nan kan keken ɗinkina a kasuwar Konni.

Baba, ka tuna gafakar fata da ka bari cike da takardun ajami? Ranar sadakar bakwai ɗinka Inna ta rataye ta bisa ƙofar ɗaki, ta ce addu'o'in tsari ne, kowa ya buɗe ita da shi. Shekara bakwai muna duƙawa muna wucewa ƙarƙashinta. Ko ɓarawo ya shiga gidan maƙwabta ya tsallake namu, sai Inna ta nuna ta da baki.

To bana ɗakin karatu na garinmu ya yi shela: duk mai sha'awa ya zo ya rubuta littafin labari cikin kwana talatin. Suka ba mu kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik da tebur, kowace Asabar mu taru kowa ya karanta nashi. Na sa sunana, mata suna ta yi min dariya wai tela ta koma marubuciya. Kwana goma shafi ukku kawai na yi, su ma ba daɗi. Wallahi na yi niyyar mai da musu kayansu.

Sai aka yi ruwa da iska, rufi ya yi yoyo, gafaka ta jiƙe sharkaf. Inna ta rikice. Na lallashe ta na kai takardun ga Mushe Illa, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, mai kula da ɗakin karatu, don ya san yadda ake shanya takarda ba ta yage ba. Ya yi alwala, ya yi bisimilla, ya ɗauki ta farko. Sai na ga kafaɗunshi na rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinshi.

Haba Baba! Labarin jakin da ya ciji ɗan duwan, jami'in kwastan, a gindi, shi ne addu'ar tsarinmu?

Ashe labari kake rubutawa a tasha, lokacin da kake jiran mota ta cika. Labarin wani direba da motarshi ke lalacewa kowace ranar kasuwa a Badagishiri, daidai garkar da wata yarinya ke ban ruwan albasa. Rubutunka ya tsaya inda direban ya isa ƙofar gidan ubanta. Me ya hana ka ƙarasa? Me ya sa ba ka taɓa nuna muna ba?

Ko da yake na san dalili, kuma shi ne abin da ban taɓa roƙonka gafara a kai ba. Ranar da ka zo lakwal ɗinmu aka miƙo maka takardar faransanci ka sa hannu, ni na yi caraf na ce babana bai iya rubutu ba. Gaban mutane na faɗa. Ka dangwala yatsa a takardar. Na yi kunyarka ran nan, yau kuma kaina nike jin kunya. Ka yafe min.

Sai na ce labarinka ne zai zama littafina. Mushe Illa ya zauna da ni yana karantawa ina juyawa da boko, har ni ma idona ya buɗe da ajamin. Sauran labarin kuwa wurin Inna na tatso shi, don ita ce mai ban ruwan albasa, da ƙyar da zagi da kawar da kai. Ta ce motar nan lahiyarta lau, kai ne kake cire mata waya.

Baba, na gama! Ranar talatin cif na aje bik. Na karanta babin ƙarshe gaban jama'a, ɗaki ya cika har taga, 'yan tasha abokanka suna ta buga ƙafa. Inna ta rufe fuska da mayafi, amma ba ta tashi ba. Yanzu littafin na bisa kanta a ɗakin karatu, an buga shi da na'ura an yi masa bango, mutane na layin aro. Sunanka ne sama, nawa ƙasa. Inna da ba ta taɓa kiran sunanka ba ta sa na nuna mata inda yake, ta daɗe da yatsa a kai.

Gafaka kuwa ta mai da ita bisa ƙofa. Ta ce shekara bakwai tana tsaron gida, ba ta ga laihin da za a sallame ta ba.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ka huta. Duk wanda ya tambaye ni yanzu, gaban kowa nike faɗa: babana ya iya rubutu.

Taka har abada,
Ramatu tela, ɗiyar marubuci.