Na Yi Wa Akwatin Jitarsa Durowa, Surukina Ya Ce Kabad Na Ƙera

Malama, ki agaza min da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana zancensa a gidana. Ban yi makaranta ba. Maƙwabcina tela ne yake rubuta min wannan, kuma na gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Ni kafinta ne. Tun ban yi gemu ba nake riƙe da zarto, yanzu gemun ya yi fari tas. Gadajen da aka haifi rabin mutanen layinmu a kansu, hannun nan ne ya yi su.

Mijin autata makaɗin jita ne, irin mai wayar lantarki. Tun farko sana'ar ba ta kwanta min ba, amma na haɗiye, tunda yana riƙe da yarinyar da kyau. Kwanaki ya zo shagona da sifika tsirara a kwali, ya gaishe ni, ya ce in yi mata akwati. Ya nuna min zane a wayarsa: tsawo kaza, faɗi kaza, a huda rami a gaba a zura bututu. Ya faɗi awon, ya hau babur ya tafi.

Na zauna na duba abin nan. Sifikar ba ta fi faranti ba, akwatin kuwa zai ɗauki ɗan akuya. Ciki fayau, ba komai! Raina bai ba ni in ɓata katako mai kyau don in kulle iska ba. Ga shi kullum yana yawo da wayoyinsa a leda, a cukurkuɗe. Sai na raba cikin biyu, na yi masa durowa a ƙasa, mai hannun ƙarfe, tana shiga tana fita sumul. Ramin kuwa ban huda ba. Ɗakin da shi da 'yan ƙungiyarsu suke ajiye kayan kiɗansu bayan gidan burodi yake, ɓerayen wurin sun kai kyanwa girma. Ni ne zan buɗe musu ƙofa da hannuna?

Ya zo karɓa da abokansa biyu. Ya ɗaura sifikar a akwatin, ya jona jitar a nan shagon, ya kaɗa, fuskarsa ta canza. Wai sautin kamar an toshe wa mutum hanci, wai babbar muryar ta ɓace, wai durowata tana karkarwa kamar haƙoran mai zazzaɓi. Ɗayansu, mai gangarsu, yaron da na girmi ubansa, ya tambaya ko safa za a riƙa zubawa a ciki. Suka kwashe da dariya. Shi kuma surukin nawa, a gabansu, ya ce kabad na ƙera, nan gaba in yi abin da aka nuna min kawai. Ni! Ko sannu da aiki bai ce ba. Ya kwance sifikarsa ya bar min akwatin a tsakiyar shago, kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Na aika masa kada ya ƙara taka gidana. To, ita ma autar ta ɗauke ƙafa. Sai dai ta kira uwarta tana kuka, wai shugaban ƙungiyar mijinta ya ce in bai zo da akwati a wasansu na gaba ba, wani za su ɗauka. Uwar tata kuma yanzu dangwarar min da abinci take yi ta juya. Gida ya haɗe min kai saboda rami.

Ki faɗa min wa ya yi laifi, kuma ki buga a fili, don na san yana karanta shafinki.

Tsohon kafinta da aka raina

*

Baba, na ji, kuma ga shi na buga. Amma ka ce wa tela ya karanta maka amsar duka, kada ya tsallake inda ba za ta yi maka daɗi ba.

Surukinka ya yi laifi. Ba a gyara wa babba a gaban baƙi, balle uban matar mutum, balle a shagonsa. Da mai ganga ya buɗe baki, shi ya kamata ya tsawatar masa. Kuma ya ba ka awo bai gaya maka dalili ba. Mutum kamarka, in aka ce ya huda rami, dole ya so sanin amfanin ramin. Ɗana, in kana karantawa, je ka ba da haƙuri, kada ka tafi da kowa.

Sai dai a kan akwatin, Baba, shi ke da gaskiya. Na tambayi wani mai haɗa kayan sauti don kada in yi maka kame-kame. Ka ɗauki kwalba ba komai a ciki, ka hura bakinta, za ka ji murya mai kauri. Zuba ruwa rabi ka sake hurawa, muryar za ta sirance. Haka akwatin nan yake. Iskar da ke cikinsa aiki take yi, bayan sifikar yana tura ta tana dawowa. Da ka raba cikin, ka matse ta, shi ya sa sautin ya shaƙe. Bututun kuma, faɗinsa da tsawonsa an auna su ne daidai da girman cikin, ta nan ake ƙara wa babbar muryar ƙarfi. Akwai akwatunan jita da ake rufewa ruf, akwai masu buɗaɗɗen baya, amma kowanne da nasa lissafin, kuma wannan ba a zana shi a rufe ba. Ita kuwa durowa, duk kyanta, abin da ke motsi a jikin akwatin sauti sai ya yi ƙara.

Tsoron ɓera ba shirme ba ne, ɓeraye suna cinye takardar sifika. Maganinsa ragar ƙarfe mai manyan idanu a bakin bututun, a ɗaure ta tam.

Ga abin yi. Kada ka jira ya fara zuwa, kai ne babba, aika masa. Ya zo da jitar da sifikar. Cire katakon da ya raba cikin, toshe gurbin durowar da katako mai kauri da gam, kada iska ta sami wata kafa. Ka tambaye shi ko awon da ya ba ka na ciki ne ko na waje, don kaurin katako yana cin wuri. Huda ramin yana tsaye, ya kaɗa, ku saurara tare. Wayoyinsa kuwa a yi musu nasu ƙaramin akwatin daban.

Ka yi wannan kafin ranar wasan. In ya rasa gurbinsa a ƙungiyar, tukunyar 'yarka ce za ta fara ji, kuma ba za ta manta daga shagon wa abin ya taso ba. Haƙurin da kake jira zai fi saurin fitowa daga bakinsa yana riƙe maka katako kana yanka.

Allah ya huci zuciyarka, Baba, ya ƙara wa hannunka albarka, ya dawo maka da autarka gida.