Robar Kompadre Baldomero

Torreón

Ƙanena Fermín,

Bayan gaisuwa da fatan kai da Leonor da yara kuna lafiya. Ka gaida Mama. Na rubuto ne tunda wayarka ta koyi mutuwa duk lokacin da lambata ta fito.

Wani mai facin taya a nan, Don Eusebio, ya zo har makarantar da nake koyarwa da bawul ɗin iska irin wanda kake ƙerawa a shagon Baba da zanena, a cikin leda, ya ajiye a teburina. Ya ce ya ga CASILDA ORDAZ a jikin tagullar, aka ce masa ni ce. Injinsa na matsa iska ya ƙone.

Aikin bawul ɗin nan guda ɗaya ne, ko Baba da bai yi boko ba ya sani: iska ta shiga tanki, kada ta dawo. Na yanka shi biyu. Sifirin nawa ne, tagullar tawa ce, amma faifan da ke toshe ramin baƙar roba ce irin ta tafin takalmi. Iska tana fitowa daga kan injin da zafi, ta gasa ta, ta tsage. Iskar tanki ta dawo ta danne fistin, injin ya yi ta gurnani yana son tashi har wayar cikinsa ta ƙone.

Na zana robar da ke jure zafi. Wa ya canza ta? Ka janye duk bawul ɗin da ya fita da sunana.

“Yayarki” na so in rubuta, kamar ga mace, don in ga ko kana karantawa, amma ka huta lafiya.
Yayarka, Casilda

Monterrey

Yaya Casilda,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Mama tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Kompadre Baldomero ne yake kawo mana faifan yanzu. Kin san shi ya riƙe 'yata Itzel ranar baftisma, abin da ya mai da shi kompadrena ke nan, tamkar ɗan'uwa. Muna gashin nama a gidansa, gaban surukai da kowa, ya dafa kafaɗata ya ce masana'antarsa tana tangal-tangal, ko zan bar shi ya riƙa yi mana robar. Yaya, da wane baki zan ce a'a? Mutumin da ya ɗauki 'yata a gaban Allah.

Ba duka ne suke lalacewa ba. Masu facin nan ma suna barin inji yana aiki ba hutu. Mama ta ce ki sassauta, karatu ya sa kin manta yadda ake zama da mutane. Ba ni na faɗa ba.

Ƙaninki mai biyayya,
Fermín

Torreón

Fermín,

Ina gaisuwa, daidai gwargwado.

Na hau bas na je wurin kompadrenka, ban biya ta gida ba. Ya karɓe ni da kofi, yana ta “Injiniya, Injiniya” kamar zai goya ni. Na tafi da niyyar in ci mutuncinsa, sai na tarar ba shi da laifin da zan ci. Na tambaye shi me ya sa bai bi zanena ba. Ya ce wane zane? Ya ce ya tambaye ka irin robar da ake so, kai kuma ka ce masa, “Wadda ka ga ta dace, kompadre, ai ba za ni koya maka aikinka ba.” Mutumin yana yin robar famfon ruwan sanyi ne, bai taɓa sanin wuta za ta bi ta kanta ba. Yana da mai jure zafin ma, a jibge a bayan shago.

Ashe ba tausayi ba ne ya kai mu nan. Kunya ce ta hana ka miƙa masa takarda ɗaya, kada a ce ka gindaya wa kompadre sharaɗi. Na karanta tarihin sarakunan da suka rasa ƙasa saboda girman kai, ban taɓa cin karo da wanda ya ƙona injin talaka don kada a ɓata gashin nama ba.

Ban gaya masa ɓarnar da robarsa ta yi ba. Bakinka ne ya ɗaura, bakinka zai kwance. Don Eusebio yana hura taya da famfon hannu, yana da shekarun Baba, kuma duk wanda ya tsaya a shagonsa sai ya ji sunana.

Ka je ka ce wa Baldomero ka yi kuskure, ya canza robar, a janye na kasuwa. In ba za ka iya ba, ka cire sunana daga jikin bawul ɗin, ni kuma in san ba ni da sauran abin da ya haɗa ni da shagon Baba. Zaɓi ɗaya.

Ka gaida Mama, ka ce mata na iya zama da mutane, har da waɗanda injinsu ya ƙone.
Casilda

Monterrey

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na yi ta juya maganar, na kasa. An cire sunan. Kompadre ne ya kankare shi daga ƙarfen zubin tagullar da hannunsa, na ce masa kin gaji da harkar ne. Ya ƙi karɓar ladan aikin, ya ce tsakanin 'yan'uwa ba a haka.

Allah ya bar zumunci.
Fermín