Garwashin Ɗaya ga Mayu

Kilfenora, 4 ga Mayu, 1934

Yaya Malachy,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Bayan haka, an yi mana asiri.

Jajiberin ɗaya ga Mayu na yi duk abin da marigayiya Inna take yi don kariya: na watsa furanni a bakin ƙofa, na ɗaura wa saniya jan zare a wutsiya, na yayyafa ruwan coci a gona. Gari na wayewa sai ga maƙwabcinmu Dinny Hehir cikin kwat ɗinsa na Lahadi, wai in sam masa garwashi ya kunna lofe. Ran ɗaya ga Mayu fa! Wa bai san cewa wanda ya fita da wutar gidanka a ranar ya tafi da man shanunka na shekara ba?

Na ce, "Taku wutar mutuwa ta yi?"

Ya ce, "Gobnait, dama wata magana ce..."

Na ƙarasa masa ita da tsintsiya. Duk da haka yau kwana uku ina kaɗa nono, mai ya ƙi fitowa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Gobnait

Galway, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa Dinny ba ya shan taba. Lofen ma aro ya yi. Tun watan Maris ya rubuto mini yana neman aurenki, na ce ke ba yarinya ba ce, ya je ya ji daga bakinki. Shekara goma sha ɗaya yana neman dalilin shiga gidanki, da ya samu kuma bai duba kwanan wata ba.

Jiya ya sake rubutowa. Ya ce kunnensa na hagu bai daina ƙara ba, kuma zai sayar da gonarsa ya tafi Boston, can ƙetaren teku.

Batun mai kuwa, ki wanke tulun kaɗa nonon da ruwan zafi.

Naki, Malachy

Kilfenora, 12 ga Mayu

Dinny,

Ina gaisuwa. Ya kunne?

Mai ya fito jiya, ashe ba kai ba ne. Yanzu yayarka Úna nake zargi.

Boston ɗin me? Kai da ko kasuwar Ennis amai kake yi a mota. Ka zo ran Lahadi ka ƙarasa maganarka. Amma ka sani, ba a ɗaura aure a watan Mayu. Sai Yuni.

Sai na gan ka.
Gobnait